Ƙwayar Safe da Sitta Shawwal

Dokas ta zazzage ledar a kan tebur, magunguna suka watsu, kwalba ɗaya ta mirgina ta faɗi ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauko tana tsaki. Ba kwalbar ce ta ba ta haushi ba, zafi ne. Tun hantsi aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak, kuma irin zafin nan ne na gab da faɗuwar damina a Gombe, wanda ko iska ta kaɗo sai ka ji kamar daga bakin murhu ta fito.

"Ina mai ledar, Maman Na'ima?" ta tambayi matar da ke zaune a gabanta. "Shi na ce ya zo, ba ke ba."

Saudatu ta gyara mayafi tana fifita da gefensa. "Ya yi lodin Yola, Sista. Kin san bayan Sallah kowa na komawa bakin aikinsa. Ya ce ba zai bari layinsa ya wuce ba, in kawo miki ki duba, ai duk ɗaya ne."

Ba duk ɗaya ba ne, amma Dokas ba ta ja maganar ba. A wannan ƙaramin asibiti na Tudun Wada an daɗe da fito da Dokas, mai haɗa magunguna, daga bayan tagar ƙarfe. An ba ta ɗaki da kujerar baƙo. Duk mai ciwon suga ko hawan jini na mutum uku ne: Likita Ibrahim Khalil ya duba shi, Fiddausi nas ta gwada shi ta bi shi har gida in ta kama, Dokas kuma ta zauna da shi a kan maganinsa. Duk Laraba marasa lafiya kan kawo abin da suke sha gaba ɗaya a leda, har da na gargajiya, a baje a gani. Yau ma bencin waje cike yake da masu leda. Tsohuwa Inna Fatimatu tun ɗazu take leƙowa, wai ko an manta da ita.

A cikinsu duka babu wanda Dokas ke alfahari da shi kamar Malam Inuwa direba, mijin Saudatu. Lokacin da ya fara zuwa da ciwon suga, sai ya tuna yake shan magani, ga gyambo a ɗan yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Ranar nan ta tsare shi ta ɗaga masa farar ƙwaya a gaban ido. Ta ce, "Baba Inuwa, ka ga wannan? Kowace safiya. Ko ana ruwa ko ana rana, kada ka tsallake. In ka tsallake, ni da kai ne." Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Na ji, Kwamanda." Tun daga nan sunan ya bi ta, shi kuma bai ƙara tsallakewa ba.

Ta ɗauki fallen ƙwayoyin ta duba. Gurbin kowace rana a ɓalle yake, har da na yau.

"Kai, Baba Inuwa ba ya ba ni kunya," ta ce tana murmushi.

"Ai ke kika san abin da kika yi masa," in ji Saudatu. "Ni shekara nawa ina fama ya daina shan shayi mai sukari bai ji ba. Amma ƙwayarki? Ko loma ɗaya ba zai kai baki ba a sahur sai ya haɗiye ta tukuna."

Dokas ta riga ta miƙa hannu za ta ɗauki wani maganin. Hannun ya tsaya.

"Wane sahur kuma? Azumi ai ya wuce."

"Sitta Shawwal mana. Kwana shidan nan da ake yi bayan Sallah. Jiya ya fara. Shi ba ya wasa da ita, tun yana saurayi."

Dokas ta janye hannunta daga maganin. 'Yar Kaltungo ce, Kirista, amma a nan Gombe, a unguwar Manawashi, ta girma cikin Musulmi, ta ci tuwon Sallah a gidajen maƙwabta har ba ta san adadi ba. Ta san azumin Ramadan sarai. Kafin ya kama, su ukun nan suka zauna a kan kowane mai ciwon suga, suka juya masa maganin: mai ƙarfin ya koma lokacin buɗa-baki, na asuba aka rage shi, don kada suga ya faɗi da rana ciki babu komai. Da aka yi Sallah kuma suka mayar da kowa kan tsarinsa na da, cikakkiyar ƙwaya da safe. Ita da bakinta ta gaya wa Malam Inuwa, azumi ya ƙare, a koma yadda aka saba. Ta sha jin Sitta Shawwal a bakin maƙwabta. Wallahi ranar ko a ranta ba ta zo ba.

"Jiya yaya ya wuni?" ta tambaya, tana ƙoƙarin kada muryarta ta tona ta.

"Lafiya lau, a gida ya wuni yana wanke mota. Sai bayan la'asar ne zafi ya ɗan taɓa shi. Zufa ta yi ta keto masa kamar an watsa masa ruwa, hannunsa na rawa. Na yi masa magana ya daka mini tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Har sunan mahaifiyarsa ya kira ni da shi, Allah ya jiƙanta." Saudatu ta yi 'yar dariya. "Da aka kira magariba ya ci dabino, shi ke nan ya dawo daidai. Ya ce shi bai ma san ya yi ba."

"Yau me ya ci a sahur?"

"Yau makara muka yi. Kunu ya kurɓa a tsaye ana kiran salla." Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Sista, lafiya? Me ya sa kike kallona haka?"

"Kira shi. Yanzu."

Saudatu ta lalubo waya a jaka ta kira. Ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira, haka.

"Ba zai ɗauka ba," ta ce. "In zai tashi yakan kira ni, sannan ya jefa ta cikin akwatin gaban mota. Ya ce direban da ke amsa waya yana tuƙi makashi ne. Ya kira ni tun kafin in baro gida."

Dokas ta fita da gudu-gudu. A bakin ƙofa Inna Fatimatu ta kamo mata gefen riga. "'Yata, ni fa tun safe..."

"Ina zuwa, Inna."

Ba ta ƙwanƙwasa ɗakin likita ba, turawa ta yi. Ibrahim Khalil na rubutu, Fiddausi na tsaye tana naɗe abin awon jini. Dokas ta faɗa musu a taƙaice: cikakkiyar ƙwaya da asuba, kunu kawai a ciki, jiya alamun faɗuwar suga sun bayyana, yau yana kan hanyar Yola da fasinja.

Likitan ya ajiye biro a hankali. Sai a lokacin Dokas ta lura da leɓensa, a bushe suke fari fat.

"Innalillahi," ya ce. "Dokas, ni ma ita nake yi. Da azumin a bakina na sa hannu aka mayar da shi kan tsohon tsari, ban tambaye shi ba."

"Ni ma kwana biyu na yi," in ji Fiddausi da ƙaramar murya.

Suka kalli juna. Babu wanda zai ɗora wa wani. Ita ba ta tuna ba don ba al'adarta ba ce, su kuma ba su tambaya ba don ta zame musu jiki har sun daina ganinta.

"In ya kai sa'a ɗaya nan gaba a haka fa?" Fiddausi ta tambaya.

"Zai fara ganin hanya biyu-biyu, sannan ya suma a kan sitiyari," in ji likitan. "Kuma ba lalle ya san yana cikin matsala ba. Kira tasha."

Fiddausi ta samu lambar shugaban tasharsu, wani Hudu, a wayar Saudatu. Hudu ya ce motar ta daɗe da tashi, cike maƙil, yawanci mata ne masu komawa daga hutun Sallah, har da mai goyo. A'a, ba shi da lambar fasinja ko ɗaya. A'a, babu wata motarsu da ta bi bayansa, wadda ke layi ko rabi ba ta cika ba. A lissafinsa yanzu sun wuce Kumo, watakila ma Billiri.

Dokas ta san hanyar nan kamar tsakar gidansu. Bayan Billiri sai Kaltungo. Bayan Kaltungo kuma sai hawa da gangara da kwanoni har Cham, ga manyan motoci da ba sa kauce wa kowa. In bai tsaya a Kaltungo ba, ba ta san inda zai tsaya ba.

Ta ciro wayarta ta kira yayanta Jerome, mai facin taya a bakin titin Kaltungo, daidai wurin tudun rage gudu inda mata ke tallar gyaɗa da ayaba.

"Yaya, bar abin da kake yi ka saurare ni. Akwai mota Sharon koriya daga Gombe, an rubuta Baban Na'ima a gilashin baya. Direban dattijo ne mai furfura a gemu. Ba shi da lafiya kuma bai sani ba. Ka tsayar da shi ko ta halin ƙaƙa."

"Dokas, ni ɗan sanda ne? Da me zan tsayar da mota?"

"Ba ka da tayoyi? Ka zuba a hanya. Ka sayi lemon kwalba mai zaƙi ka riƙe a hannu. Don Allah, Yaya, akwai mata da yara a ciki."

Jerome ya ce, "In ta riga ta wuce fa?"

Ta ce ya dai yi sauri, ta katse wayar.

Sai jira. An shigo da Saudatu ɗakin likita aka ba ta kujera, ta ƙi zama, daga baya ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Wayarta take ta dannawa, tana kiran wayar da ke ringi ita kaɗai a cikin akwatin mota. Ta taga Dokas ta ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, garin ya yi duhu-duhu, amma ko ganye ba ya motsi. Likita ya kira asibitin Kaltungo ya ce a shirya gado da ruwan suga na jijiya. Aka kira azahar a masallacin bayan asibiti, babu wanda ya tashi.

Jerome ya kira. Wata koriyar Sharon ta zo, amma ba ita ba ce, yaro ne ke tuƙi, har ya zage shi. Ya katse.

Can a babban titi jiniyar motar asibiti ta taso, ta yi ta matsowa. Saudatu ta ɗago kai. Duk suka kasa kunne har ta wuce ta yi nisa, kuma babu wanda ya iya cewa daga wace hanya ta fito.

"Sista," in ji Saudatu, idonta a kan waya, "maganin ne ba shi da kyau?"

"Maganin lafiyarsa ƙalau, Mama. Ni ce ban tambaye shi abin da ya kamata in tambaya ba."

"Amma ya bi duk abin da kika ce."

"Ya bi."

Tsoro Dokas take ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba tun da ta fara aiki. Ta sha fargabar marasa jin magana, masu jefar da ƙwaya a bayan gado, masu cewa sun warke. Ba ta taɓa tunanin wanda zai fi shiga haɗari shi ne wanda ya fi kowa jin maganarta ba.

Wayar ta yi ƙara a hannunta har ta kusa suɓuce mata.

"Ga ta nan!" Jerome ke ihu. "Wayyo Yesu, Dokas, tafiya take kamar ta mashayi, ta ci hannun wasu! Ku ture tayar, ku ture!" Aka ji hayaniyar mata, da hon ɗin wata babbar mota mai tsawo, da ƙarar wani abu ya daki wani. Sannan wayar ta yi ta ƙugi kamar an saka ta a aljihu.

"Yaya! Yaya Jerome!"

Saudatu ta dafe ƙirji da hannu biyu.

"Ta tsaya," muryarsa ta dawo yana haki. "Ta hau kan tayoyin ta mutu. Kowa lafiya. Fasinja sun ce tun Billiri suke roƙonsa ya tsaya, ko waiwayowa bai yi ba. Na zare makullin. Dokas, mutumin nan ya jiƙe sharkaf, idonsa a buɗe amma kamar ba ya ganina."

Likita ya karɓi wayar ya sa ta a sifika a kan tebur. "Malam Jerome, yana iya zama da kansa? Yana magana?"

"Yana zaune. Yana gunguni."

"To ka ba shi lemon a hankali, kaɗan-kaɗan. In ya langaɓe kada ka ɗura masa komai, ku ɗauke shi sai asibiti."

Aka ji ƙarar buɗe kwalba, sai wata murya mai nauyi, kamar ta wanda aka tasa daga barci. "Kai... kauce. Rana ba ta faɗi ba."

"Ya ture hannuna," in ji Jerome. "Ya datse haƙora."

"Kara masa wayar a kunne." Likita ya sunkuya kan tebur. "Malam Inuwa, Ibrahim Khalil ne, likitanka. Azumin nan nafila ne, kuma ranka na cikin haɗari. Addini ya ba ka dama ka karya, ka rama daga baya. Ni ma ina yi, ga shi zan karya tare da kai. Ka sha."

"Rana ba ta faɗi ba."

Saudatu ta matso har goshinta na taɓa wayar. "Baban Na'ima, ni ce. Don girman Allah ka sha. Ka tausaya mini."

"Wace ce? Ku ba ni makullina. Ina da fasinja."

Muryar tana ƙara ja, kalmomin na narkewa cikin juna. Likita ya kalli Dokas. Ba sai ya faɗa ba, ta san in ya ƙara 'yan mintoci a haka ba zai iya haɗiya ba, kuma kafin a samu abin ɗaukarsa zuwa asibiti komai na iya faruwa.

Ta jawo wayar gabanta. Ta nemo muryar nan da ta yi masa magana da ita ranar farko, muryar da ta kai shi inda yake yanzu.

"Baba Inuwa!"

Ta ƙara ɗaga murya.

"Baba Inuwa, da kai nake!"

"...Kwamanda?"

"Ni ce. Abin da ke hannun mutumin nan magani ne. Ni na aiko shi. Yanzu ne lokacinsa. Ka sha, kada ka tsallake. In ka tsallake, ni da kai ne."

Babu abin da ke fitowa daga wayar sai kukan wani jariri can nesa da ƙarar motoci masu wucewa. Fiddausi ta rufe baki da hannu. Sannan aka ji shi, ƙarami, a fili: maƙwat. Maƙwat.

"Yana sha," in ji Jerome a hankali, kamar yana tsoron ya fasa. "Ya karɓi kwalbar da kansa."

Saudatu ta zame daga kujera ta durƙusa a ƙasa, sai yanzu kukan ya zo. Likita ya ci gaba da ba Jerome umarni: a ba shi ayaba da burodi in ya farfaɗo, kada ya ƙara taɓa sitiyari yau ko ya rantse ya warke, a kai shi asibiti ya kwana, don ƙwayar nan tana daɗewa a jiki kuma sugan zai iya sake faɗuwa. Fiddausi ta koma gefe tana kiran Hudu ya tura wani direba ya ƙarasa da fasinja.

Bayan ɗan lokaci muryar Malam Inuwa ta dawo, tasa ta gaske, a gajiye kuma cike da kunya. Ya tambayi inda yake. Aka gaya masa. Ya tambayi fasinjansa, aka ce duk lafiya. Ya yi salati.

"Kwamanda na nan?"

"Ina nan, Baba."

"Kada ki yi fushi da ni," ya ce. "Wallahi ban tsallake ba. Ko yau na sha."

Dokas ta ɗago daga kan tebur. Ta tura wa Saudatu wayar ta fita daga ɗakin.

A waje iska ta fara tasowa, tana kwasar ledoji a harabar asibiti. Masu jira na nan jere a benci yadda ta bar su, kowa da ledarsa a cinya. Inna Fatimatu ta jingina da bango, ta daina mita, ta zuba wa ƙasa ido. Zufa ta tsattsafo mata a goshi. Dokas ta ɗauko ruwan leda a kulan bakin ƙofa ta tsuguna a gabanta.

"Yi haƙuri, Inna, na bar ki. Ungo ki jiƙa maƙoshi."

Tsohuwar ta ture ruwan da bayan hannu, hannun na ɗan rawa.

"A'a, 'yata, ina Sitta Shawwal." Ta yi murmushi don ta faranta mata. "Amma kada ki damu. Na sha ƙwayarki da asuba."

Dokas ta miƙe a hankali. Ta ƙwala wa Fiddausi kira ta zo da abin gwada suga. Sannan ta juya ga bencin, ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Duk mai azumi a nan ya ɗaga hannu."

Suka kalli juna, suna mamakin tambayar. Hannu ɗaya ya tashi, sai wani, sai wasu can baya. Ta fara ƙirgawa, sai ta tuna waɗanda ba su zo ba yau.